Fitilar UV Mai Walƙiya A Ɗakin Sanyi: Amfaninta, Iyakarta Da Haɗarinta

Mutane da yawa sun ɗauka cewa duk abin da ya shiga firiza ya daskare, ya rabu da ƙwayoyin cuta ke nan. Ba haka ba ne. Sanyi kwantar da su yake yi, ranar da abin ya narke su farka su ci gaba daga inda suka tsaya. Masu bincike ma idan suna son adana ƙwayar cuta shekara da shekaru, a firiza suke sa ta. Akwai kuma wadda sanyin firiji ba ya hana ta hayayyafa, wato Listeriya. Tsakanin 2017 da 2018 ta kama mutum sama da 1,000 a Afirka ta Kudu, ta kashe fiye da 200, kuma an gano tushenta a wani sarrafaffen nama da ake ajiyewa a firiji a ci ba tare da an dafa ba. A 2012 kuma, mutum kusan 11,000 a gabashin Jamus, yawancinsu 'yan makaranta, suka kamu da amai da gudawa daga daskararrun 'ya'yan itace.

Duniya ta sake waiwayar wannan batu a lokacin korona. A watan Oktoba na 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar Sin ta sanar cewa ta samu ƙwayar korona mai rai a jikin kwalin daskararren kifi a birnin Qingdao. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ci gaba da cewa babbar hanyar yaɗuwar cutar ita ce daga mutum zuwa mutum, kuma gaskiyarta. Amma tambayar da abin ya haifar tana nan: yaya za a tsabtace kwali ko kwantena da ke cikin sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri?

Wahalar a fili take. Ruwan kulorin da muka saba da shi, idan aka fesa shi a irin wannan sanyi, daskarewa yake yi kafin ya gama aiki, kuma ko bai daskare ba, sanyi yana rage wa sinadarai kaifi. Ruwan zafi ko tururi zai narkar da kayan ya ɓata su. Shi ya sa aka koma ga haske, domin shi ba ya jiƙa kaya, ba ya barin wari ko guba a kansu.

Tun 1877 wasu masana biyu a Ingila, Downes da Blunt, suka nuna cewa hasken rana yana hana bakteriya girma. Daga baya aka gane cewa ɓangaren da ido ba ya gani, wanda ake kira UV, shi ke wannan aiki. Mafi ƙarfinsa wajen kisa shi ne UVC, wanda sararin sama yake tarewa kafin ya iso ƙasa, don haka sai dai a samar da shi da fitila. Idan ya bugi ƙwayar cuta, yana shiga ya lalata ƙwayar gadon da take kwafa domin ta hayayyafa. Wadda ba ta iya hayayyafa kuwa, ba ta iya sa ciwo. Wannan lalatawa aikin haske ne kai tsaye, ba ta jiran ɗumi kamar yadda magungunan feshi suke jira, kuma nan ne hasken ya yi wa ruwan magani fintinkau a cikin sanyi.

Sai dai fitilu iri-iri ne, kuma a nan mutane suke faɗawa rami. Doguwar fitilar UV da aka fi sani, irin wadda ke masana'antun ruwan leda da wasu asibitoci, tana ɗauke da ɗigon zaiba a cikinta. Sai zaibar ta zama tururi kafin hasken kisan ya fito, kuma ta fi ƙarfi idan jikin ƙwan fitilar ya kai kusan digiri 40. A ɗakin sanyi zaibar takan koma ta kwanta, ƙarfin hasken ya faɗi warwas. Abin takaicin shi ne ƙwan yana nan yana ba da shuɗin haskensa, mai shago ya leƙa ya ga fitila a kunne, hankalinsa ya kwanta. Shuɗin da ido ke gani ba shi ne mai kisan ba. Haka ma tsohon ƙwai: bayan kamar shekara ɗaya yana kunne dare da rana, yana iya ci gaba da haskawa alhali ƙarfinsa ya ragu sosai.

Fitila mai walƙiya tana aiki ta wata hanya dabam. Iskar zinon ce a cikinta, irin wadda ke cikin filashin kyamara, kuma ita iska ce tun asali, ba ta buƙatar ɗumi kafin ta tashi. Na'urar tana tara wutar lantarki a ma'ajiya, sannan ta sake ta gaba ɗaya cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ta sake tarawa, ta sake saki, sau da yawa a jere. Kowace walƙiya tana da tsananin ƙarfi, tana kuma ɗauke da haske mai faɗi, daga UVC har zuwa hasken da ido ke gani da wanda ke kawo zafi. Saboda gajartar lokacin, kayan ba sa samun damar narkewa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da amfani da irin wannan haske a kan abinci tun 1996, tare da ƙayyade iyakar abin da za a haska. A yau ana amfani da shi wajen tsabtace murafan kwalabe da robobin zuba abinci a masana'antu, akwai kuma na'urori masu taya da ake turawa ɗakunan asibiti bayan an fitar da kowa.

To, hasken yana aiki a sanyi? Yana yi, a kan abin da ya gani. Wannan sharaɗin shi ne kan maganar, kuma masu talla ba sa son a daɗe a kansa. Hasken UV ba ya ratsa abu, ba ya zagaya kwana. Farantin ƙarfe mai santsi, gilashi, ko roba mai sulɓi, waɗannan yana share su da kyau cikin daƙiƙoƙi. Amma kwali yana da ramuka, katakon yanka nama yana da tsaguwa, fatar kifi tana da ɓawo da lanƙwasa, kuma ƙwayar cuta ƙanƙanuwa ce, duk wani ɗan lungu gida ne a wurinta. Jini, maiƙo, ƙura da majinar kifi duk laima ce a gare ta. A ɗakin sanyi ga ƙarin matsala: farar ƙanƙarar nan mai gari-gari da ke taruwa a kan kaya tana warwatsa hasken, ta rufe abin da ke ƙasa. Kwalin da aka jibga a kan wani, gefensa na ƙasa bai ga komai ba. Nisa ma yana da hukunci: idan ka ninka tazara tsakanin ƙaramar fitila da kaya sau biyu, abin da zai isa gare su kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne.

Saboda haka wanda bai wanke ba, bai goge ba, ya kunna fitila, kuɗin wuta kawai ya ƙona. Kuma ƙwayar da ke cikin tsokar kaza ko cikin kifi, babu walƙiyar da za ta kai gare ta.

Wannan magana ta shafe mu, domin ɗakunan sanyi masu sayar da kifi da kaji sun cika garuruwanmu, ga kuma ɗauke wuta da ke sa kaya su narke su sake daskarewa. Kifin da ya kwana a narke ya riga ya lalace daga ciki, fitila ba za ta dawo da shi ba. Tun bayan korona kuma kasuwa ta cika da ƙananan fitilun hannu da ake cewa suna kashe duk wata cuta. Wasunsu shuɗin haske ne kawai irin na duba jabun kuɗi, ba sa kashe komai. Wasu kuma na gaske ne amma babu kariya a jikinsu. A 2022 hukumar Amurka da aka ambata ta gargaɗi jama'a kan wasu daga cikinsu saboda suna iya yi wa ido da fata rauni cikin daƙiƙoƙi. Akwatin nan mai shuɗin haske da ke shagon aski ma, idan an zuba aska ko kan kilifa a ciki da gashi da jini a jikinsu, ba a tsabtace su ba.

Haɗarin ga jiki ba wasa ba ne. Duk wanda ya taɓa kallon wutar walda babu gilashi ya san daren da ya biyo baya: ido ja, hawaye, kamar an zuba yashi. Ciwon ɗaya ne da wanda UVC ke haifarwa, kuma ba a jin sa nan take sai bayan sa'o'i. Yana ƙona fata. Wasu fitilun suna haifar da iskar ozon mai shaƙe ƙirji, abin da ya fi muni a rufaffen ɗaki kamar ɗakin sanyi. Walƙiya a jere tana iya tayar wa mai farfaɗiya ciwonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara cewa kada a haska wannan fitila a hannu ko wani sashe na jiki.

Ga mai ɗakin sanyi da ke son sayen irin wannan na'ura, ya tambayi mai sayarwa ko an gwada ta a sanyin da ɗakinsa yake kaiwa, a wace tazara, na tsawon wane lokaci, kuma a kan wane irin kaya. Ya tabbatar tana mutuwa da kanta idan an buɗe ƙofa, kada yaron shago ya shiga tana aiki. Ga uwargida kuwa, kifi ko kazar da aka sayo a daskare, a narkar da su a cikin firiji ko a dafa su nan da nan, kada a bar su yini a kan tebur. A wanke hannu da wuƙa da katako da sabulu bayan an taɓa su, a raba su da abin da za a ci ɗanye, sannan a dafa su har tsakiyarsu ta nuna sosai.