BARMANI CHOGE: Uwar mawaƙa mata da ƙwarya ta ɗaukaka

Mai karatu, tun kafin fiyano ta shigo situdiyoyin Kano, tun kafin a san su Fati Nijar da Maryam A. Baba, akwai wata mace da in ta buɗe baki a gidan biki sai mata su manta da tukunya a kan murhu. Ita ce marigayiya Hajiya Sa'adatu, wadda duniya ta fi sani da Barmani Choge.

An haife ta a ƙauyen Gwaigwayi da ke kusa da Funtuwa, a Jihar Katsina ta yanzu. An yi mata aure tun ta na yarinya, kuma sai da ta hayayyafa sannan ta rungumi kiɗan amada a 1973. Kiɗa ne na mata zalla: a kife ƙore, wasu a kan ruwa, 'yan amshi su na duka su na karɓa. Uwaliya Mai Amada ta riga ta suna a fagen, to amma Barmani ce ta fito da shi daga cikin gida zuwa rediyo, kaset da akwatin talbijin, har maza su ka koma sauraron sa a ɓoye.

Sirrin ta shi ne rashin tsoro. Abin da mata ke raɗawa a ɗaki game da kishi, haihuwa da zaman aure, ita a fili ta ke faɗi, cikin habaici da barkwanci. Wasu sun ce ta cika baki, ita kuwa ko a jikin ta.

Sai dai babban saƙon ta ya wuce raha. A waƙoƙi irin su 'Sakarai Ba Ta Da Wayo' ta caccaki macen da ta naɗe hannu ta na jiran miji ya kawo komai. Duk wanda ya ratsa Kura da Bunkure, inda ruwan dam ɗin Tiga ke shayar da gonakin rani, zai ga wannan huɗuba a aikace: mata na turara shinkafa, su na shanya, su na saye da sayarwa, su na yi wa 'ya'yan su kayan ɗaki da gumin su. Irin waɗannan matan ta ke yi wa kirari.

Allahu Akbar! Ta rasu a cikin Maris 2013. Tun daga lokacin amada ke ja da baya, domin a bukukuwa da yawa DJ ya maye gurbin ƙwarya, kuma 'yan mata ƙalilan ne ke koyon kiɗan.

Ƙalubale ga furodusoshin mu: ga labari a ƙofar gida, mai waƙa, rawa da darasi, ba sai an leƙa Indiya ba. Wa zai fara shirya fim ɗin rayuwar Barmani? Allah ya jiƙan ta da rahama, amin.