ARTHUR ASHE: ZAKARAN TANIS DA YA BUƊE WA BAƘAR FATA ƘOFA

Ran 5 ga watan Yuli na shekara ta 1975, a filin Wimbledon na birnin Landan, wani baƙar fata ɗan Amurka mai suna Arthur Ashe ya kara da Jimmy Connors a wasan ƙarshe. Kowa ya san Connors da ƙarfin bugu, shi ne kuwa ke riƙe da kofin. Sai Ashe ya ƙi biye masa, ya dinga aika masa ƙwallo sannu sannu, ƙasa ƙasa, har ya rikita shi, ya kada shi. Har wa yau babu wani namiji baƙar fata da ya sake ɗaukar wannan kofi a wasan mutum ɗaya.

Ƴan'uwa masu karatu, tanis wasa ne da mutum biyu ko huɗu suke buga ƴar ƙaramar ƙwallo ta bisa raga. A dā, a ƙasar Amurka, wasan farar fata ne da masu hali. An haifi Ashe cikin 1943 a garin Richmond, inda doka ta raba baƙi da fari a makaranta da wurin wasa. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 6. Mahaifinsa mai kula da filin wasannin da aka ware wa baƙar fata ne, a nan yaron ya fara bugu. Daga baya wani likita baƙar fata, Robert Walter Johnson, ya ɗauke shi ya hore shi, ya koya masa danne fushi ko da an zalunce shi a fili.

Cikin 1963 ya zama baƙar fata na farko da aka sa cikin ƙungiyar Amurka ta gasar kofin Davis. Cikin 1968, yana hafsan soja, ya ci babbar gasar Amurka. Da yake a lokacin bai shiga sahun masu wasa don kuɗi ba, dala 14,000 na wanda ya zo na ɗaya sai aka ba Tom Okker, mutumin da ya kayar. Cikin 1970 kuma ya ci gasar Ostareliya.

Wannan suna da ya samu, Ashe bai kwanta a kansa ba. Ya nemi izinin shiga Afirka ta Kudu don ya yi wasa, gwamnatin wariyar launin fata ta hana shi cikin 1969 da 1970. Ya kai kuka gaban duniya, kuma cikin 1970 aka fitar da ƙasar daga gasar kofin Davis. Sai cikin 1973 aka bar shi ya shiga, ya yi wasa a Johannesburg. Cikin 1985 ƴan sanda suka kama shi a Washinton yana zanga-zanga a ƙofar ofishin jakadancin Afirka ta Kudu.

Afirka ta ci moriyarsa ta wata hanyar kuma. Cikin 1971, yana rangadi a Kamaru, ya ga wani yaro ɗan shekara 11 yana bugu a Yawunde. Ya yi wa shugabannin tanis na Faransa maganarsa, aka kai yaron garin Nice aka horar da shi. Yaron nan shi ne Yannick Noah, wanda ya ci gasar Roland-Garros cikin 1983.

Ciwon zuciya ya sa Ashe ya bar wasa cikin 1980. A wurin aikin zuciya na biyu, cikin 1983, aka ƙara masa jinin da likitoci suka kyautata zaton shi ne ya sa masa ƙwayar cutar sida. Cikin Afrilu na 1992 ya bayyana wa jama'a halin da yake ciki, a zamanin da ake gudun masu wannan cuta. Sauran kwanakinsa ya ƙare su wajen wayar da kan mutane, har ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya ran 1 ga Disamba na wannan shekara. Ya rasu ran 6 ga Fabrairu 1993, yana da shekara 49.

Cikin 1997 aka buɗe babban filin tanis na New York, mai ɗaukar mutum fiye da 23,000, aka sa masa sunan Arthur Ashe. A nan ake buga wasan ƙarshe na gasar Amurka kowace shekara. Yaron da aka hana shiga filayen garinsu saboda launin fatarsa, yau zakarun duniya a filin da ke ɗauke da sunansa suke neman kofi.