Rigakafin Jariri: Daga Ranar Haihuwa Zuwa Wata 15

Yau maganarmu a kan allurar rigakafin jarirai ce. Da yawa daga cikinmu in aka tambaye mu ko an yi wa yaro rigakafi, sai mu ce ai an yi, masu ɗigo sun shigo gida sun ɗiga masa. To, wannan ɗigon da ake bi gida-gida na shan inna ne kawai. Yana da amfani ƙwarai, da shi aka kai ga tabbatar wa Najeriya a shekarar 2020 cewa ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Amma ba ya hana ƙyanda, ba ya hana mashaƙo. Waɗannan sai an kai yaro asibiti, kuma zuwa shida ne.

Zuwan farko ranar haihuwa. Ana yi masa allurar tarin fuka, wato BCG, a dantsen hagu, da ɗigon shan inna, da allurar ciwon hanta. Ta hantar nan an fi so a yi ta kafin jariri ya kwana ɗaya a duniya, domin uwa tana iya ɗauke da cutar ba ta sani ba, yaro ya ɗauka wajen haihuwa. Idan a gida kika haihu, ba sai an jira suna ba. Ke kina jego, amma kakarsa ko goggonsa ko maigida da kansa zai iya kai shi. Bayan 'yan makonni wurin BCG zai yi ɗan ƙurji ya bar tabo. Haka ake so, kada a matse, kada a shafa masa komai.

Zuwa na biyu a sati 6. Lissafin nan ba shi da wuya a wurinmu: kwana biyu ne bayan arba'in. Kina gama wankan jego, lokaci ya yi. Anan ake fara allurar da ma'aikata ke kira Penta, guda ɗaya a cinya mai kariya daga cututtuka biyar, cikinsu har da mashaƙo, da tarin shiƙa, da sarƙewar haƙora. Ana haɗawa da ta ciwon huhu, da rigakafin shan inna, da ɗigon gudawa wanda aka fara bayarwa a ƙasar nan a 2022. Sai a maimaita a sati 10, a sake a sati 14.

Anan ne fa ake samun yankewa. Yaro ya yi zazzaɓi da daddare, cinya ta kumbura, ya kwana yana kuka, maigida ya ce ba za a ƙara ba. Zazzaɓin nan na kwana ɗaya ko biyu ne. Ki yawaita ba shi nono, ki rage masa kaya, ki ɗora tsumma mai sanyi a wurin, ki ba shi farasitamol gwargwadon yadda ma'aikaciya ta faɗa. In ya wuce kwana biyu ko ya ƙi kama nono, a koma asibiti. Allura ɗaya ba ta isa ba, sai an cika ukun kariyar take kafuwa. Duk wadda ta ga yadda mashaƙo ya yi ta shaƙe yara a Kano a 2023 ta san wannan ba abin wasa ba ne.

A wata 9 sai ta ƙyanda, da shawara, da sanƙarau. Ta ƙyanda ana ƙarawa a wata 15, kuma ita aka fi mantawa, don lokacin yaro ya fara tafiya, wata ma tana da wani cikin.

Idan an tsallake wata allura, ko kin tafi gida wanka kin daɗe, ba a sake farawa daga farko. Daga inda aka tsaya ake ɗorawa, a kowane asibitin gwamnati, kuma kyauta ne. Shi ya sa katin nan yake da muhimmanci. Ki sa shi a leda, ki ajiye cikin kayan jaririn, duk inda za ki tafi da shi.

Batun izini kuwa, kada ki bari sai da safiyar ranar. Tun ana saura kwana biyu ki nuna wa maigida kwanan watan da aka rubuta a katin, ki tambayi ranar da asibitin unguwarku ke yin rigakafi, don wasu ba kullum suke yi ba. In fitar ba za ta yiwu miki ba, a samu babba a gida ta goya shi, a ba ta katin, ki shayar da shi ya ƙoshi kafin su fita.