Abin Da Ya Sa Jirgin Koyo Yake Yin Shiru A Sama

Duk wanda ya zauna a Samaru ko Sabon Gari ya saba da ƙananan jiragen nan da suke shawagi a kanmu tun da safe har yamma. Suna tashi ne daga filin jirgin da ke Palladan, a bakin hanyar Sakkwato, wurin da direbobin bas suke kira Abiyeshan. A nan Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama take, wadda aka kafa a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta yaye matuƙa masu ɗimbin yawa, cikinsu har da Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko 'yar Nijeriya da ta zama matuƙiyar jirgin haya, wadda daga baya ta shugabanci kwalejin daga 2011 zuwa 2014.

Wata Asabar da kaka, na bi kakana gona can bayan gari wajen hanyar Shika. Muna cikin yankan dawa sai ga ɗaya daga cikin jiragen nan can ƙololuwa. Ba mu kula shi ba, sai kawai muka ji ƙugin injinsa ya ragu kamar an shaƙe shi. Muka ɗaga kai, muka ga ya ɗaga hanci sama, ya yi kamar zai tsaya cik, sa'an nan ya sunkuyo ƙasa. Kakana ya yar da lauje ya kama salati. Kafin ya kai ƙarshe, injin ya sāke ɗaukar ƙugi, jirgin ya miƙe abinsa. Jim kaɗan kuma ya sāke yin haka, har sau uku. Kakana ya ce, "Wannan yaro ko dai injinsa ba lafiya, ko kuwa shi ne ba lafiya."

Abin ya tsaya mini a rai. Kashegari na shiga bas zuwa Sabon Gari wurin wani dattijo abokin mahaifina, wanda ya daɗe yana tuƙa jirgi kafin ya yi ritaya. Na gaishe shi, na ce, "Baba, jiya mun ga jirgi ya kusa faɗowa." Da na ba shi labari sai ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, da gangan suke yi. Malami ne yake koya wa ɗalibinsa faɗuwa, don ranar da ta zo masa ba shiri ya san hanyar fita." Abin da ya bayyana mini, da abin da na ƙara karantawa daga baya, shi nake so in kawo muku, ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Da fari dai, ya kamata mu san abin da ke riƙe jirgi a sama. Galibin mutane sun ɗauka inji ne. A gaskiya aikin inji shi ne ya ja jirgi gaba, amma fiffike ne yake ɗaukar nauyinsa, muddin iska tana bin bayansa sumul tana wucewa. Ku ɗauki faifai ku riƙe shi a kwance ran da ake iska mai ƙarfi, ku ɗan ɗaga gabansa, za ku ji yana neman tashi. In kuka ƙara ɗagawa, ɗaukar takan ƙaru. Amma akwai iyaka. Da zarar kun wuce ta, sai iskar ta daina ɗaga faifan, ta koma tura shi baya kawai. Haka fiffiken jirgi yake. Idan kusurwar da yake tarar iska da ita ta wuce wajen digiri 15, iskar da ke bin bayansa takan hargitse, ɗauka ta ragu farat ɗaya, jirgi ya fara nutsewa ko da injinsa lafiya lau yake. Turawa suna ce wa wannan hali sitol, watau fiffike ya sare.

To, a nan wuyar take. Mutumin da ya ga yana gangarawa ƙasa, zuciyarsa ba abin da za ta gaya masa sai ya janyo sitiyari, ya ɗaga hancin jirgi sama. Wannan kuwa shi ne abin da zai ƙara dulmuyar da shi, domin ƙara ɗaga hanci ƙara buɗe kusurwar nan ne da ta riga ta wuce iyaka. Maganin shi ne ya tura sitiyari gaba, ya sunkuyar da hancin wajen ƙasar da yake tsoro, har iska ta sāke kwanciya a bayan fiffike. Sa'an nan ya daidaita fikafikan su yi daidai wa daida, ya ba da wuta gwargwadon bukata, daga ƙarshe ya ɗago a hankali. Baba ya ce mini faɗin wannan ba ya ɗaukar minti guda, amma sa hannu ya yarda da shi, aikin watanni ne. Abin da muka gani a gona ke nan. Malami yakan hau da ɗalibi can sama inda akwai isasshen fili a ƙarƙashinsu, nesa da gidajen jama'a, ya rage wuta, ya bar shi ya ji yadda jirgi yake karkarwa kafin ya sare, ya ji ƙarar gargaɗi, ya fita da kansa. Su yi ta maimaitawa, yau da gobe, har abin ya zama jiki.

Idan fiffike ɗaya ya riga ɗan'uwansa sarewa, jirgi yakan kife ta wannan gefen ya shiga juyi kamar katantanwa yana gangarowa. A farkon zamanin jiragen sama, wanda ya shiga wannan juyi sai dai a yi masa addu'a. A watan Agusta na 1912, wani hafsan sojan ruwa na Ingila mai suna Wilfred Parke ya shiga cikinsa. Ya yi duk abin da hankali ya ba shi, bai yi amfani ba. Da ya ga ƙasa ta matso sai ya taka jelar jirgin zuwa ɗaya gefen, watau kishiyar inda yake juyawa, sai jirgin ya miƙe saura ƙiris ya taɓa ƙasa. Har yanzu wannan taku yana cikin abin da ake koya wa matuƙa.

Abu na biyu da yake sa jirgi ya ƙwace wa matuƙi shi ne ruɗin jiki. Dukanmu mun yi wasan hajijiya muna yara: ka yi ta juyawa, ka tsaya, ka ga duniya ce take juyawa. Dalili shi ne a can cikin kunnen mutum akwai wasu 'yan hanyoyi masu ruwa, su ne suke gaya masa ko a tsaye yake ko a karkace. A ƙasa ido yana taimakonsu. Amma cikin gajimare, ko duhun dare, ko hazo mai kauri irin wanda yakan rufe mu a nan Zariya lokacin hunturu, ido ba ya ganin inda sama ta haɗu da ƙasa. Idan jirgi ya karkata sannu a hankali, kunne ba ya ji. In matuƙi ya gyara kuma, sai jikinsa ya rantse masa cewa yanzu ne ya karkace. A 1954 Jami'ar Illinois ta Amurka ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba a koya musu tuƙi da agoguna ba, aka tsare musu ganin waje. Dukansu jirgi ya ƙwace musu, kuma in aka raba lokacin daidai, daƙiƙa 178 kowannensu ya yi, watau ko minti uku bai cika ba. Saboda haka ake sa wa ɗalibi wani abin rufe fuska mai kama da malafa, wanda zai hana shi ganin komai sai agogunan gabansa. Wani lokaci malami yakan ce ya rufe ido, ya karkatar da jirgin yadda ya ga dama, sa'an nan ya ce, "Karɓi." Dole ɗalibi ya dubi agogon da ke nuna sama da ƙasa, ya gaskata shi, ya ƙaryata jikinsa.

Wani zai ce, ai wannan sha'anin 'yan koyo ne, manyan matuƙa sun wuce nan. Abubuwan da suka faru sun nuna ba haka ba ne. Ran 5 ga Mayu 2007 wani jirgin Kenya Airways ya tashi daga Duwala ta Kamaru da dare. Ya yi ta karkata dama a hankali ba a lura ba, da gargaɗi ya yi ƙara kuma aka ruɗe aka ƙara karkatar da shi. Mutum 114 da ke ciki ba wanda ya tsira. Ran 1 ga Yuni 2009 kuma, jirgin Air France da ya taso daga Burazil zuwa Faransa ya shiga hadari a kan Tekun Atlantika. Ƙanƙara ta toshe 'yan bututun da suke auna gudunsa, na'urar da ke tuƙi da kanta ta saki aiki, ta bar wa mutane. Matuƙin da ke riƙe da shi ya ja hanci sama, jirgin ya hau har wajen ƙafa 38,000, fiffike ya sare. Minti uku da rabi ya yi yana gangarowa, injunansa suna aiki, galibin lokacin kuma ana ta jan hancin sama. Mutum 228 suka rasu.

Mu ma a nan gida abin ya taɓa mu. Ran Lahadi 29 ga Oktoba 2006, jirgin kamfanin ADC ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato ana cikin hadari. Yana barin ƙasa sai ya gamu da iskar nan mai sauya fuska farat ɗaya, wadda takan rage wa jirgi gudu cikin ƙiftawar ido. Binciken da hukuma ta yi ya nuna an tashi cikin yanayin da aka san ba shi da kyau, kuma ba a bi ƙa'idar fita daga irin wannan iska ba, har jirgin ya sare dab da ƙasa, inda ba sauran filin gyara. Mutum 96 suka riga mu gidan gaskiya, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Allah ya jiƙansu da rahama. Da Baba ya zo nan sai ya yi shiru, can ya ce, "Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Rabin wannan ilimi shi ne kada ka shiga, ɗaya rabin shi ne yadda za ka fita."

Waɗannan haɗurra sun sa masana suka sāke duba yadda ake horon matuƙa, suka gano abubuwa biyu. Na ɗaya, manyan jiragen zamani na'ura ce take tuƙa su yawancin tafiya, har hannun matuƙi ya yi sanyi. Mutum yana iya shekara da shekaru yana aiki, rabonsa da ganin fiffike ya sare tun yana ɗalibi. Na biyu, a da an fi matsa wa matuƙi a jarrabawa kada ya bar jirgi ya yi ƙasa ko kaɗan lokacin gyara, sai wasu suka saba da ba da wuta suna riƙe hanci sama. Yanzu an sauya. Abin da ake koyarwa shi ne a fara sunkuyar da hanci, ko da za a yi asarar tsawo, domin tsawo ana iya mayar da shi daga baya. A 2014 Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, watau ICAO, wadda Nijeriya take cikinta, ta fitar da littafi na musamman kan rigakafin ƙwacewar jirgi da yadda ake dawo da shi, ta kuma shigar da wannan horo cikin ƙa'idojin ba da lasisi.

Horon yana da sassa uku. Akwai na aji, inda ake koyon yadda iska take aiki a kan fiffike, da alamun da ke nuna jirgi ya fita daga halinsa, kamar hanci ya ɗaga fiye da digiri 25, ko ya sunkuya fiye da digiri 10, ko jirgi ya karkata fiye da digiri 45 ba da nufin matuƙi ba. Akwai na cikin jirgin gaske, ƙarami mai ƙarfi, domin jiki ya ɗanɗana abin. Misali, in jirgi ya karkata digiri 60 yana kewaye ba tare da ya yi ƙasa ba, mutum yakan ji nauyinsa ya ninka biyu, in kuwa aka tura hanci da sauri sai ya ji kamar zai rabu da kujera. Wanda bai taɓa jin haka ba, ran da ya ji sai ya firgita, firgita kuwa takan cinye 'yan daƙiƙun da ake bukata. Na uku shi ne jirgin kwaikwayo, wani ɗaki ne da aka ƙera kamar mazaunin matuƙa, yana bisa ƙafafun ƙarfe masu motsi. A cikinsa malami yana iya kawo dare da hadari da lalacewar agogo duk a zama ɗaya, in aka faɗi kuma a tashi a sāke. Matuƙan jiragen fasinja, kome daɗewarsu a aiki, dole su riƙa komawa wannan ɗaki lokaci lokaci ana jarraba su.

Da na koma gida na kwashe duk na gaya wa kakana. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ashe yaron nan karatu yake yi. To, ba a fafe gora ranar tafiya." Tun daga ranar, in muna gona muka ji injin ya yi shiru, sai ya ɗaga kai ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ci gaba da aikinsa.

Ni ma na ɗauki nawa rabon. A da, in muna bitar lissafi, nakan tsallake tambayar da take ba ni tsoro in yi ta maimaita wadda na iya. Yanzu da mai wuyar nake farawa, tun malam yana kusa, tun akwai filin kuskure. Ina roƙon iyayenmu kuma, in ɗansu ko 'yarsu ta nuna sha'awar wannan aiki, kada ƙugin da yake ɗaukewa a sama ya sa su hana. Makarantar tana nan tsakaninmu, kuɗin bas kawai ke tsakanin ƙofarta da Samaru ko Sabon Gari, abin da ake nema tun daga yanzu shi ne a dage da Lissafi da Fizik da Turanci.

Allah ya kiyaye matafiyanmu na sama da na ƙasa, ya ba mu ilimi mai amfani, amin.