Tabon da Ke Cikin Gilashin Waya

A shagunan gyaran waya na Taminus da titin Ahmadu Bello a Jos, idan baƙin tabo ya bazu a fuskar waya, sai a canza sikirin kawai. Ba kasafai ake tambayar abin da ke tsakanin gilasai biyun da ke cikin sikirin ba. A wayoyi da yawa, wani sinadari ne mai kwarara irin ta ruwa, amma ƙwayoyinsa dogaye ne, kuma duk gefe guda suke fuskanta. Friedrich Reinitzer, masanin tsirrai ɗan Ostiriya, shi ya fara lura da irinsa a 1888.

Wannan jeruwar ce ke ba mu hoto. Lantarki na juya ƙwayoyin, haske ya wuce ko ya tsaya. Sai dai akwai wuraren da jerin ke rikicewa, kamar tsakiyar zanen ɗan yatsa, inda layuka ke haɗuwa ba a san ina suka dosa ba. Irin wannan gurbi shi masana ke kira aibi. Danna fuskar kalkuleta da yatsa, za ka ga launuka na yaɗuwa: jerin ne ka dagula. Don kauce wa aibi, masana'antu kan shafa wa gilashi siririn roba, su goge shi da ƙyalle mai laushi zuwa gefe guda, ƙwayoyin su bi sahun.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda bincike ya sauya alƙibla. Yanzu masana na neman ajiye aibin a inda suke so, domin yana jawo ƙananan ƙwayoyi ya riƙe su. A 2017 masu bincike a Singafo suka nuna cewa ƙwayoyin halittar da ke lulluɓe gaɓoɓin jiki ma haka suke jeruwa, kuma a daidai irin wannan gurbi ne wasu ke mutuwa a fitar da su.

Jos ba baƙuwa ba ce a nan. Shafen da ke kai lantarki cikin gilashin yana ɗauke da kuza, ma'adinin da Turawa suka haƙa a Filato tun farkon ƙarni na 20. Ya kamata sashen kimiyyar lissafi da na sinadarai a Jami'ar Jos su buɗe wa matasan nan masu gyara ƙofa, su koya musu abin da hannunsu ke taɓawa kullum.