Ƙugiya: Ƙaramin ƙarfen da ke riƙe da arzikin masuntan ƙasar Katagum

A cikin kayan aikin masunci babu abin da ya kai ƙugiya araha, babu kuma abin da ya kai ta saurin jawo asara idan aka yi sakaci da ita. Kwale-kwale yakan yi shekaru yana aiki, koma takan daɗe ana ɗinke ta ana mayar da ita ruwa, amma ƙugiya 'yan kwanaki a cikin laka da yashi sun isa su dakusar da tsininta. A ƙasar Katagum da ke arewacin Jihar Bauchi, inda iyalai da dama ke ci daga Kogin Jama'are, zaɓen ƙugiya da sanin lokacin sauya ta na daga cikin abubuwan da ke bambanta wanda zai koma gida da kifin sayarwa da wanda zai koma da jiƙaƙƙen zare. Haka kuma, girman ƙugiyar da ake jefawa bana yana da hannu a yawan kifin da za a tarar baɗi.

Kogin da ke kawo abincin

Kogin Jama'are ya taso ne daga tsaunukan Filato, inda a can sama ake kiran sa Bunga. Yana gangarowa arewa maso gabas, ya ratsa ƙasar Jama'are da Itas/Gadau da Zaki, ya wuce ta gefen tsohon garin Katagum, kafin ya haɗu da Kogin Haɗeja a kusa da Gashuwa, su zama Kogin Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. A bakin wannan kogi Malam Ibrahim Zaki ya kafa cibiyar masarautarsa a farkon ƙarni na 19, kuma a nan fadar ta zauna har zuwa 1916 da aka mayar da ita Azare.

Abin da ya bambanta shi da takwaransa na Haɗeja shi ne har yanzu babu babbar madatsa a kansa. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, duk a ɓangaren Haɗeja, yayin da aikin madatsar Kafin Zaki da aka tsara a kan Bunga ya daɗe da tsayawa. Saboda haka ruwan Jama'are yana nan kan tsohuwar ɗabi'arsa: ya cika ya tumbatsa cikin Agusta da Satumba, ya malale fadamu, sannan ya janye da rani ya bar gurabe da tafkuna. A cikin ciyawar da ambaliya ta rufe ne tarwaɗa da sauran kifaye ke zuba ƙwai, 'ya'yansu su yi ƙwari kafin ruwa ya koma gadonsa.

Fatsa da mamari

Hanyoyi biyu ne ƙugiya ke shiga ruwa a wannan yanki. Akwai fatsa, wadda yaro ma kan fara da ita: sanda, zare, ƙugiya ɗaya da koto na tana ko gara ko ɗan ƙaramin kifi. Akwai kuma doguwar igiya da ake jera wa ƙugiyoyi da yawa, wani lokaci ɗaruruwa, a shimfiɗa ta da yamma a duba da asuba. Wata ana sa mata koto a kowace ƙugiya. Wata kuwa, wato mamari, ana matsa ƙugiyoyinta kusa da juna ba tare da koto ba, ta yadda kifin da ya zo wucewa za ta kama shi a duk inda ta samu a jikinsa, musamman kifaye marasa ɓawo irin su tarwaɗa da ragon ruwa.

A da maƙera ne ke ƙera wa masunta ƙugiya. Yanzu kusan duk wadda ake gani a kasuwa ta waje ce, ana sayar da ita a kwali ko a ƙirga. Sunan da ya fi daɗewa a wannan sana'a shi ne Mustad, kamfanin ƙasar Norwe da aka kafa a 1832, mai tambarin mabuɗi a kan kwalinsa. A yau kayan Asiya sun cika kasuwa, masu kyau da marasa kyau, kuma tun bayan faɗuwar darajar naira daga tsakiyar 2023 farashin duk wani kayan su da ake shigowa da shi ya tashi. Wannan ne ke tura mai ƙaramin ƙarfi ga mafi araha, ko da ya san araha ba ta ado.

Lambar ƙugiya da bakin kifi

Ƙa'idar lambar ƙugiya takan rikita sabon shiga, domin a juye take tafiya. Gwargwadon yadda lamba ta yi sama, haka ƙugiya ke ƙanƙancewa: mai lamba 14 ba ta kai mai lamba 8 girma ba. Lambar wani kamfani kuma ba lallai ta yi daidai da ta wani ba, shi ya sa gogaggen masunci ba ya wadatuwa da abin da aka rubuta a kwali sai ya riƙa ta a hannu ya duba abubuwa uku: faɗin bakinta, kaurin ƙarfenta da kaifin tsininta.

Bakin kifin da ake nema shi ke yanke hukunci. Karfasa ƙaramin baki gare ta, tsattsagar koto take yi, don haka babbar ƙugiya ba ta shiga bakinta. Ƙurungu ma haka, bakinsa a ƙasa yake kuma bai da faɗi. Tarwaɗa kuwa baki gare ta wangame, haɗiye koto take yi gaba ɗaya, ta fi dacewa da matsakaiciya mai ƙwari. Tsage yana da haƙoran da ke datse zare, sai an haɗa masa da 'yar waya tsakanin ƙugiya da zaren. Giwan ruwa, wanda babbansa kan haura kilo 100, yana iya miƙar da siririyar ƙugiya ya yi tafiyarsa.

Kaurin ƙarfe ma ciniki ne na a samu nan a rasa can. Siririya tana saurin huda kuma ba ta saurin kashe koto mai rai, amma tana buɗewa idan babban kifi ya ja. Kakkaura ba ta buɗewa, sai dai tana bukatar fizga mai ƙarfi kafin ta shige. Akwai kuma batun yadda aka sarrafa ƙarfen a wuta: wanda bai ji wuta ba lanƙwashewa yake yi, wanda ya ji fiye da kima kuma karyewa yake kamar busasshen kara. Gwaji mai sauƙi tun a gaban mai shago shi ne a ɗauki guda ɗaya daga cikin kwalin a ja bakinta da filaya. Ta kirki takan ɗan ba da kai ta koma yadda take.

Yaushe ake sauya ta?

Alamomin ba su da wuyar ganewa. Idan aka ja tsinin a kan farce a hankali ya zame bai kama ba, ƙugiya ta dakushe. Magagari ko dutsen wasa kan farfaɗo da ita sau ɗaya ko biyu, amma wasawa tana cinye shafen da ke kare ƙarfe, daga nan tsatsa ta samu ƙofa. Tsatsar da ta tsaya a sama ana goge ta, wadda ta ci rami a lanƙwasa kuwa ta gama da ƙugiyar. Haka wadda kifi ko kututture ya buɗe aka mayar da ita da hannu: ƙarfen ya riga ya yi rauni a gurbin, kuma a ranar babban kamu zai ba da kunya. Idan 'yar ƙayar da ke bayan tsini ta karye, kifin da ya shiga zai fita.

Mai doguwar igiya shi ya fi kowa asara a ɓoye. Idan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙugiyoyinsa sun mutu, koton da ya sa musu da daren da ya yi yana jira duk sun tafi a banza, ba tare da ya san dalilin ƙarancin kamu ba. Wanke igiya bayan an fito, shanya ta sosai, shafa wa ƙugiyoyi ɗan mai da jera su a kan itace mai laushi suna ƙara musu kwana. Wanda tsatsattsiyar ƙugiya ta soke kuma, ya wanke wurin ya nufi asibiti, saboda haɗarin cutar sarƙe haƙora.

Darasi daga masu kifin roba

A Amurka, inda ake gasar kamun kifi da kuɗi masu yawa, ana amfani da kifin roba da aka rataya wa ƙugiyoyi masu baki uku, guda biyu ko uku a jikinsa. Wani nau'insa an ƙera shi ne ya tsaya cak a tsakiyar ruwa idan aka daina fizgar sa, kamar kifin da ya jikkata. 'Yan gasar sukan cire ƙugiyoyin da suka zo da shi su sa waɗanda suka fi kaifi, amma suna auna nauyi da kyau, domin ɗan ƙari kaɗan kan sa shi nutsewa, ragi kaɗan kuma ya sa shi tasowa sama. Masu farautar giwan ruwa a Tafkin Nasser na Masar su ma sukan sauya nasu da masu kauri. Kayan aikinsu ya sha bamban da na masuncin Zaki ko Gamawa, amma lissafin ɗaya ne: ƙugiya ita kaɗai ke taɓa kifi, don haka ba a barin ta ga sa'a.

Ƙaramar ƙugiya, babbar ɓarna

Inda batun ya wuce aljihun mutum ɗaya shi ne yadda ƙarancin kifi ke sa ana ta rage girman ƙugiya. Idan manya suka yi wuyar samu, sai a koma wa ƙanana. Ƙaramar ƙugiya tana ɗauko 'yar tarwaɗar da ba ta taɓa zuba ƙwai ba, wadda kuɗinta a kasuwa bai taka kara ya karya ba, alhali da an bar ta ta ga wata damina da ta ninka nauyinta ta kuma bar zuriya. Mamari kuma ba ya zaɓe, kuma kifin da ya kuɓuce masa da rauni sau da yawa mutuwa yake yi a ruwa, babu wanda ya amfana.

Dokar kamun kifi a ruwayen cikin gida ta tarayya, wadda aka kafa a 1992, ta haramta amfani da guba da nakiya, ta kuma ƙayyade girman idon raga. Sai dai jami'in gwamnati ba zai iya bin kowane gurbi da asuba ba. Wanda ke da wannan iko shi ne Sarkin Ruwa, da masu unguwanni da dagatai, waɗanda tun kaka da kakanni su ke rufe tafki su buɗe shi a lokacin da suka ga ya dace.

Idan masarautar Katagum da sashen kula da kamun kifi na jihar suka zauna da sarakunan ruwa aka amince da mafi ƙanƙantar ƙugiyar da za a riƙa ɗaura wa doguwar igiya, aka kuma ɗaga wa fadamu ƙafa a makonnin da kifi ke zuba ƙwai, to an yi rabin aikin. Sauran rabin yana hannun ƙungiyoyin masunta, waɗanda za su iya haɗa kuɗi su sayi ingantacciyar ƙugiya a sari daga Kano, maimakon kowa ya sayi ƙirge a farashin da zai tilasta masa ɗaukar mara kyau. Najeriya na kashe maƙudan kuɗi duk shekara wajen shigo da daskararren kifi daga waje. Kogin da har yanzu yake cika da kansa duk damina ya cancanci a bar 'ya'yan kifinsa su girma.