Baƙar Ɗamara Cikin Wata Shida: Wa Ya Sa Hannu a Takardar?

Tallar makarantun kareti ta yi yawa a Facebook da TikTok a 'yan kwanakin nan, wasu har da alkawari: biya kuɗin rajista, cikin wata shida ɗanka ya ɗaura baƙar ɗamara. Iyaye sun rabu biyu. Wasu na ganin garaɓasa ta samu. Wasu kuwa tsoro suke, saboda tsohon zancen nan cewa mai baƙar ɗamara naushi ɗaya zai yi ya kashe mutum. Wannan na biyun bai cancanci dogon bayani ba, guzurin gidan kallo ne. Amma ɓangarorin biyu kuskure ɗaya suka yi, wato ɗaukar baƙar ɗamara a matsayin ƙarshen ilimi.

Kareti daga tsibirin Okinawa ya fito, kuma a can asali babu ɗamara mai launi ko ɗaya. Wani malamin makaranta, Gichin Funakoshi, shi ya kai shi Tokyo a 1922. A nan ya haɗu da Jigoro Kano, wanda ya kafa wasan judo, ya ari tsarin farar riga da ɗamara daga wurinsa, ya kuma ba ɗalibansa na farko baƙar ɗamara a 1924. Ke nan ita kanta ɗamarar aro ce, an shigo da ita don malami ya san wa ya kai ina.

Almajiran Funakoshi ne suka kafa Ƙungiyar Kareti ta Japan, wadda aka fi sani da JKA, a 1949, kuma ma'aikatar ilimi ta ƙasar ta amince da ita a 1957, shekarar da Funakoshi ya rasu. Duba yadda suke yi. Sabon shiga yana farawa da farar ɗamara, yana hawa ƙananan matakai da ake kira kyu, kowanne da jarrabawarsa. Abubuwa uku ake gwada shi a kai: kihon, wato maimaita naushi da hauri da tarewa har jiki ya haddace, kata, jerin motsi da aka gada, wanda mutum ke yi shi kaɗai, sai kumite, karawa da abokin horo, inda ake so ka iya tsayar da naushinka dab da fuskarsa. Wanda ya kasa riƙe hannunsa ya fasa wa ɗan'uwansa baki, a wurinsu bai iya ba tukuna. Mai zuwa horo a kai a kai yakan yi shekara uku ko fiye kafin a bar shi ya shiga jarrabawar baƙar ɗamara.

To in ya ci fa? Ya samu mataki na ɗaya ke nan cikin manyan matakai goma da ake kira dan. Kafin ya nemi na biyu sai ya ƙara aƙalla shekara ɗaya, na uku shekara biyu, na huɗu shekara uku. Lissafa da kanka: shekara shida bayan baƙar ɗamara, mutum bai kai tsakiyar tsanin ba. Kuma ɗamarar ba ta ba shi izinin yi wa kowa jarrabawa. Koyarwa, alƙalanci da yin jarrabawa kowanne da lasisinsa daban, sannan sunan wanda ya ci dan ana rubuta shi a hedikwatar ƙungiyar da ke Tokyo, daga can takardar ke fitowa. Tun 1956, ƙarƙashin Masatoshi Nakayama, suka buɗe wani horo na musamman mai tsanani don yaye malamai. Hirokazu Kanazawa da Takayuki Mikami na cikin rukunin farko.

Abin ya yi kama da lasin tuƙi. Wanda ya samu lasi jiya bai zama direban Kano zuwa Legas ba, an dai yarda ya hau titi ya ci gaba da koyo. Kuma duk mun san akwai lasin da aka yi wa gwaji, akwai wanda aka kawo wa mutum har gida bai taɓa riƙe sitiyari ba. A aljihu kamarsu ɗaya. A kan kwana ne ake bambance su. Ɗamarar ma ƙyalle ne da kowane tela zai ɗinka. Darajarta na ga wanda ya yi jarrabawar, da wanda ya ba shi ikon yin ta.

Ba ina cewa sai JKA ba. Ita ma ta sha rikici: Kanazawa ya fita ya kafa tasa a ƙarshen shekarun 1970, bayan rasuwar Nakayama a 1987 kuma ta dare gida biyu, aka yi ta shari'a har 1999. Akwai kuma sauran salo masu tushe irin su Goju-ryu, Wado-ryu da Shito-ryu, ga tsarin gasa na Hukumar Kareti ta Duniya wanda ya kai wasan Olamfik na Tokyo. Abin da ya haɗa na kirki duka shi ne, malami zai iya faɗa maka wa ya koyar da shi, wa ya yi masa jarrabawa, kuma in ka bincika za ka tarar.

A nan ne namu sakacin yake. Mutum zai kama hayar shago, ya shimfiɗa tabarma, ya tara yara ƙanana yana sa su naushin bulo, ba wanda ya tambaye shi komai, alhali ƙashin yaro bai gama ƙwari ba. Jami'an wasanni kuma ba a cika ganinsu ba sai ranar raba kofi.

Don haka, ya kai uba, kafin ka biya kuɗin rajista ka je ka zauna ka kalli horo ko sau ɗaya. Ka nemi malamin ya nuna maka takardarsa, ka karanta sunan ƙungiyar da ta bayar, ka tambayi shekarun da ya yi kafin ya same ta. In ya fusata da tambayar, ko ya sake maimaita maka zancen wata shida, ka kama hannun ɗanka ku tafi.